Zauren Manoma: Shin shuka za ta iya tsotse guba daga ƙasa?

Tun da maganar tsirran da ke tsotse gubar ƙarafa ta bazu, wasiƙu suke ta zuwa mana daga Sinnar, Jazira, Kasala da yankunan haƙar zinariya na arewa, duk a nan ƙasar Sudan. Mun zaɓi shida muka miƙa wa masananmu na ƙasa da tsirrai, ga kuma amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili kusan fadan ɗaya a bayan gari, daga baya na ji an yi shekaru ana fasa tsofaffin batiran mota a wurin ana narkar da dalma. Ɗana ɗalibi ya ce in shuka abbad-shams, wato furen nan mai bin rana (sunflower), shekara biyu, zai tsotse gubar, sannan in yi lambu. Haka ne? (Manomi, Mai Wurno)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka, karatunsa yana da tushe, amma kada ka kafa lambu a kan wannan shawara. Maganin ƙwari ko baƙin mai in ya zube, rana da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye shi sannu a hankali. Dalma, zaiba, kadmiyom da asinik kuwa ma'adinai ne, ba sa ruɓewa, wuta ma ba ta kashe su. Abu biyu kaɗai shuka za ta iya yi da su: ko ta jawo ƙarfen zuwa kara da ganye ka yanke ka fitar daga gonar, ko ta daddaure ƙasar da saiwoyinta ta hana iska da ruwa watsa ta.

Tsirran da ke jan ƙarfe da yawa suna nan, an san kimanin iri 700 a duniya, sai dai mafi yawansu nikel suke ja, kuma kowanne da ƙarfen da ya iya. A 2001 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka sun nuna cewa wani tsiro mai suna Pteris vittata yana tara asinik har ya haura kashi 2 cikin 100 na busasshen ganyensa. A Albaniya ana noma wani tsiron musamman don a ƙone shi a ciri nikel daga tokarsa. Dalma ce ta fi taurin kai: tana manne wa laka da ruɓaɓɓen taki, ɗan abin da ya shiga shukar ma yawanci a saiwa yake tsayawa. Shi abbad-shams ya yi suna ne a Canobil ta ƙasar Yukiren, wurin da tashar nukiliya ta yi haɗari, inda a shekarun 1990 aka ɗora shi a kan tafki saiwarsa na reto cikin ruwa. A ruwa ke nan, kuma ba dalma yake ja ba. Da aka gwada shi a ƙasar gona a Fukushima ta Japan bayan haɗarin tashar nukiliyarta a 2011, abin da ya cire bai taka kara ya karya ba.

Zo mu yi lissafi tare. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, kuma samansa zuwa zurfin santimita 20, inda garma ke juyawa, ya kai nauyin tan 1,100. Mu ƙaddara awo ya nuna miligiram 500 na dalma a kowane kilo na ƙasa, alhali wurin fasa batir yakan ninka haka sau da yawa. Kilo 550 na dalma ke nan a filinka. Hukumar kare muhalli ta Amurka, a Janairun 2024, ta sauko da ma'aunin da take dubawa a gidajen zama daga miligiram 400 zuwa 200; kafin ka kai nan sai ka fitar da kilo 330. Shuka mai kyau ta ba ka tan 4 na busasshen kara da ganye a damina, mu yi mata karamci mu ce kowane kilo yana ɗauke da miligiram 100. Giram 400 ka fitar. Sai ka yi damina sama da 800, kwashe Kogin Nilu da ludayi ke nan.

Abin da ke aiki shi ne abin da aka yi a Zamfara ta Najeriya bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010: an kankare saman ƙasar gidaje da wuraren niƙa dutse, aka binne ta a ramukan da aka keɓe, aka zuba sabuwa. Kai ma fara da nemo ainihin inda aka yi fasawar da narkarwar. Za ka ga baƙaƙen ɓaraguzan roba, toka mai nauyi da wurin da ciyawa ta ƙi fitowa. Sau da yawa gubar ta taru ne a ɗan wannan yanki, kuma dalma ba ta nitsewa da sauri, tana nan a sama-sama in ba a yi huɗa ba. Don Allah kada ka sa garma ko tarakta kafin a auna, domin huɗa za ta gauraya ta da sauran filin. A yayyafa ruwa kafin a kankare don kada ƙura ta tashi, masu aikin su rufe hanci da baki, kayan aikin da tufafin kada su shiga gida, yara kada su kusanci wurin.

Inda ba a iya kankarewa ba, a shimfiɗa tsofaffin buhuna a matsayin alama ga mai haƙa nan gaba, a zuba ƙasa mai tsabta kaurin santimita 20 zuwa 30, a dasa kiri-kiri, wadda ake kira najila, ta rufe wurin ruf. Nan ne shuka ke da amfani a maganar dalma. Takin fosfet ko tokar ƙashi suna ɗaure dalma ta zama mai wuyar narkewa, amma adadin da za a zuba sai masani ya ga sakamakon awo, domin idan akwai asinik a ƙasar, fosfet sako shi yake yi.

Tambaya: Alayyafona kore shar yake. Ba wannan ne shaidar cewa ƙasar lafiya lau take ba? In kuma sai an auna, yaya ake ɗiban ƙasar? (Mai lambu, Kasala)

Amsa: Ɗan'uwa, koren ganye ba shaida ba ne. Tagulla da tutiya in sun yi yawa suna nakasa shukar tun kafin su cutar da mai ci, ka ga rawaya da tsumburewa. Kadmiyom da dalma ba haka suke ba, ganye zai yi kyau a ido yana ɗauke da abin da ya wuce ƙima.

Raba filin gida-gida bisa tarihinsa: gefen bola daban, bakin magudanar ruwa daban, tsakiya daban. A kowane ɓangare bi hanya karkace-karkace ka ɗebi ƙasa a wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20 in gona ce, santimita 5 na sama kaɗai in tsakar gida ce da yara ke wasa. Yi amfani da cokalin roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kwano mai fenti ko bokitin kwano zai ƙara wa samfurin abin da ba nasa ba. Gauraya a bokitin roba, ka cire tsakuwa, ka ɗauki rabin kilo a leda mai tsabta ka rubuta sunan wurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ƙasar wurin da ake zargi da ta sauran filin a leda ɗaya, sai sakamako ya fito da matsakaicin da zai kwantar maka da hankali a banza. Ka haɗa da leda ɗaya daga fili mai nisa da ka tabbata ba a taɓa yin komai a kansa ba, don kwatantawa. In zaiba ake nema, kada a shanya ƙasar a rana, a zuba ta a kwalba mai murfi a ajiye a inuwa, domin zafi yana tayar da zaiba. Ka nemi a auna maka jimillar kowane ƙarfe da kuma ma'aunin tsami, wato pH, sannan ka kai ganyen da kake sayarwa shi ma a auna. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da ɗakunan awo da yawa, saboda haka fara da tambayar sashen ƙasa na kwalejin noma mafi kusa da kai ko ofishin noma na jiha inda ake karɓa yanzu.

Tambaya: Maƙwabtanmu sun jibge karta a gefen gonarmu ta dabino da albasa, iska tana kwaso ƙurarta. Wace shuka za mu sa ta shanye zaibar? (Uwargida, kusa da Abu Hamad)

Amsa: Hajiya, Allah ya kare ku da yaranku. Ga waɗanda ba su sani ba, karta ita ce ragowar dutsen zinariya da aka niƙa aka gauraya da zaiba. Zaiba ba ta kama duk zinariyar, shi ya sa ake sayen ragowar a sake wanke ta da sayanaid. Sayanaid yana kashe dabba da tsuntsu nan take in sun sha ruwan, amma rana da iska suna lalata shi a hankali. Zaiba ce ke zama, kuma sayanaid yana narkar da ita ta fi saurin bin ruwa. A Oktoban 2019 gwamnati ta ba da sanarwar hana amfani da su biyun a haƙar ma'adinai, saboda haka kuna da hujjar kai ƙara ga hukuma, kuma da nan ya kamata a fara. Muddin tulin yana wurin, duk abin da za ku dasa rage barna ne kawai.

Babu shukar da za mu ce miki ta shanye zaiba. Abin da tsiro ya ja yawanci a saiwa yake maƙalewa, wani ɓangare kuma ya fita ta ganye ya koma iskar da kuke shaƙa. Aikin shuka a nan shinge ne. A rufe tulin da laka kaurin kamu ɗaya ko fiye, a daddanne. Ta sama da shi a ja kunya mai tsayi da za ta kautar da ruwa, domin a arewa ruwan sama kaɗan ne amma ambaliyar kwari ɗaya ta isa ta kwashe tulin zuwa gona ko kogi. Ta ƙasa da shi, tsakaninsa da gonarku, a dasa jema layi biyu ko uku a gicciye da gangaren.

Jema ciyawa ce da saiwarta ke nitsawa kai tsaye mita 2 zuwa 3, tana jure ƙarafa, gishiri da zafi. Ana tsaga gindinta ne, kowane dashe da ƙafa biyu ko uku, a datse ganyen ya rage santimita 20, saiwar ta rage 10. A dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15. In an ba da tazara mai faɗi don a yi tattalin iri, layin ba zai haɗe ba, ruwa zai bi ta giɓin ya haƙa rami. Tana son ban ruwa kullum a mako biyu na farko, sannan a riƙa ragewa har ta kama, wajen wata uku. A kewaye ta da ƙaya saboda awaki suna son sabon tohonta. Akwai masu jefa saiwar jema a randa don ƙamshi. Ta wannan wurin haramun ce ga randa, domin a saiwar gubar take. Tumfafiyar da ta fito da kanta a gefen tulin a bar ta, tana rage iska.

Albasa a ɓare ɓawon waje a wanke, dabino a wanke kafin a ci, domin ƙurar da ta sauka a kai ta fi abin da ya shiga ta saiwa. Babban abin tsoro shi ne kartar ta kai ga ruwa. A cikin taɓon gindin kogi ko tur'a, wato magudanar ban ruwa, ƙwayoyin halitta suna mayar da zaiba wani nau'i da ke taruwa a naman kifi, irin wanda ya nakasa mutanen Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, kamar giwan ruwa, sun fi karfasa tarawa, kuma ɗan tayi ne ya fi cutuwa. Idan akwai mai ƙona curin zaiba da zinariya a cikin gida, a hana shi yau, hayaƙin nan ya fi tulin haɗari.

Tambaya: Lambuna ya daɗe yana shan ruwan da ke gangarowa daga unguwar masana'antu. An auna, kadmiyom miligiram 3 a kilo, pH 8.3. Wani ya ce in zuba wani sinadari mai suna EDTA ko asid don shuka ta ja da sauri. Me kuka gani? (Mai hawasha, wato gonar ban ruwa, Jazira)

Amsa: Malam, taka ce matsalar da shuka za ta iya taɓukawa a kai, domin kadmiyom yana hawa ganye cikin sauƙi kuma adadinsa kaɗan ne. Miligiram 3 a kilo kusan kilo 3.3 ne a fadan. In ka noma rama ta ba ka tan 4 busasshe, mu ƙaddara miligiram 20 a kowane kilo, giram 80 ke fita a girbi ɗaya. Kafin ka rage rabi sai girbi wajen 20, shekara goma ke nan ga mai ban ruwa da ke noma sau biyu. Wannan misali ne. Abin da ramarka ke ja a zahiri sai an auna kara da ganyen girbin farko, kuma in ya fito ƙasa da haka sosai, ka san hanyar ba ta biya ba. Kafin komai a datse ruwan da ya kawo gubar, in ba haka ba kana fitarwa ta ƙofa ana shigarwa ta taga.

Baƙar lakar Jazira mai kanwa-kanwa ce, kuma wannan yana riƙe kadmiyom da dalma ya hana su shiga shuka da yawa. Kariya ce gare ka, kada ka rushe ta. Asid da za ka zuba farar ƙasar da ke cikin lakar za ta shanye shi, kuɗinka ya tafi. Ruwan batir kuwa dalma zai ƙara maka. EDTA yana narkar da ƙarafan da gaske, amma shuka ɗan kaɗan take kamawa, sauran ya bi ruwan ban ruwa zuwa rijiya da magudana, ga shi ba ya saurin lalacewa a ƙasa. Ba mu yarda manomi ya taɓa shi ba.

Abu biyu suna ƙara wa shuka jan kadmiyom: gishiri a ruwan ban ruwa da ƙarancin tutiya a ƙasa. Saboda haka a ɓangaren da za ka ci gaba da noman abinci, ka nemi ruwa marar gishiri, kuma in awo ya nuna ƙarancin tutiya a zuba takinta. Ma'aunin hukumar Codex ta duniya shi ne kada kadmiyom ya wuce miligiram 0.2 a kilo na ganye ko alkama, dalma kuma 0.3 a ganye. Alayyafo, latas, lalo da jirjir, wani ganyen salad, su ne suka fi ja, a ɗauke su daga wannan fili. Auduga ta fi dacewa, tunda ba ci ake yi ba, amma ambaz, wato abin da ke saura bayan an matse man irinta, sai an auna kafin a ba dabba. Ita ramar ma matsalarta a wurinmu ɗaya ce, wani zai zo ya tsinki ganyen ya yi kwaɗo. A gaya wa iyali da maƙwabta a fili, a kewaye. Kadmiyom yana zama a ƙoda shekaru masu yawa, shi ne ya karya ƙasusuwan mata manoman shinkafa a Toyama ta Japan, cutar da gwamnatinsu ta amince da sababinta a 1968, kuma su ma sauya ƙasar gonakin suka yi, aikin da bai ƙare ba sai 2012.

Tambaya: In na yanke shukar da ta ja gubar, zan iya ba tumaki ko in yi girki da karan? (Matashi, Damazin)

Amsa: A'a, ƙanena, ko ɗaya. Dabba za ta tara kadmiyom a hanta da ƙoda, kashinta kuma ya koma gona a matsayin taki. Murhu zai watsa wani ɓangare a hayaƙi, sauran ya taru a toka. Toka ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na busasshen kara, ka ga gubar ta ninku sau goma zuwa ashirin a cikinta, ga shi a gidajenmu da toka ake wanke tukunya, da ruwanta ake miya. Kada kuma a tara shi ya ruɓe a mayar gona.

Yanke shukar lokacin da ta fara fure, kafin ganyen ƙasa ya bushe ya zube, domin duk ganyen da ya faɗi ya mayar da abin da ya ɗauka. Tuge har saiwa in da hali. Shanya a kan tamfol a wurin da dabba ba ta shiga, ka daddanne a buhuna. Haƙa rami a tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, inda ruwan ƙasa yake da zurfi. A daɓe gindin da laka, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba, a rufe da laka aƙalla rabin mita, a kafa alama ta dindindin. Abin da ya fito daga wurin zaiba ba a kusantar da shi ga wuta sam. Haka kainuwa da kachala da aka tsamo daga ruwa mai datti: suna tace ruwan, amma in an bar su suka mutu a ciki sun mayar da komai.

Tambaya: Gidan haya muke, kusa da masu gyaran batir da walda. Ba ni da kuɗin awo, kuma ɗan lambun tsakar gida ne ke ba mu kayan miya. Me zan yi? (Uwar yara huɗu, Gadarif)

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki bar lambun, ki ɗaga shi daga ƙasa. Buhuna, tsofaffin bahon roba ko akwatin katako marar fenti, a huda gindin, a cika da ƙasar da aka ɗebo daga gona mai nisa da gari, zurfin santimita 30 ko fiye, a gauraya da ruɓaɓɓen taki. Gangar da aka taɓa zuba fenti ko mai ba ta yi ba. Tumatir, kuɓewa, gauta da kabewa sun fi ganye da masu saiwa aminci, domin dalma ba ta cika kaiwa ga 'ya'ya ba. Ganyen da kika noma a wanke shi sau biyu ko uku a ruwa mai yawa, a zubar da na ƙasa da ya taɓa turɓaya.

A irin gidanki ƙura ta fi kayan miya haɗari. Yaro mai rarrafe yana kai hannu baki, kuma jikinsa yana shan dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke sha. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a cire takalmi a ƙofa, a shimfiɗa wa yara tabarma mai wankuwa, a wanke musu hannu kafin ci. Inda suke wasa a daɓe shi ko a zuba sabon yashi mai kauri. Abinci mai gina jini da ƙashi, irin su wake, ƙwai, madara da zogalen da aka noma a wuri mai tsabta, yana rage abin da hanji ke sha, kuma yaron da ke wuni da yunwa ya fi sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma in ya kai maikrogiram 5 a desilita sai a nemo tushen a datse. In kin ga yaro yana yawan ciwon ciki, kasala, rashin jini ko ya koma baya a magana da tafiya, ki kai shi asibiti ki faɗa wa likita a fili cewa kuna maƙwabtaka da masu batir, ki roƙi a auna dalma a jininsa. Farfaɗiya ko suma kuwa ba a jira gari ya waye.